Shekarar da Muka Je Ɗauko Balkisu

'Ya'yana, kun sha jin ana cewa ni na bar 'yar ɗan'uwana a hannun Yarabawa, masu ƙarin gishiri ma su ce sayar da ita na yi. Kun ji a bakin dangi a Unguwar Lalle, kun ji a wurin suna da wurin ta'aziyya, kuma ba ku taɓa jin na tanka wa kowa ba. Yanzu da gemu ya yi fari fat, gwiwa ta fara yi mini gardama, gara in faɗa muku yadda aka yi tun bakina bai rufe ba. Nasiru da Rabi, da ku aka yi tafiyar, amma kun yi ƙanana a lokacin, abin da kuka riƙe bai wuce jirgin ƙasa da ayaba ba.

Yaya Ummaru shi ne ɗan farin Inna. Tun yana saurayi yake kai albasa kudu ya dawo da goro, har wata shekara ya tafi ya zauna a wani ƙaramin gari kusa da Oshogbo, ya auri wata Bayarabiya Musulma mai suna Sidikatu, suka haifi 'ya ɗaya, Balkisu. Yakan zo gida bayan shekara biyu ko uku, shi kaɗai, da huhun goro da hoton yarinyar. Inna takan karɓi hoton ta kifa shi a cikin kwalla, ba ta ko dubawa a gaban mutane. Kun san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan na kudu". Bayan kaka, an gama ɗaure gero, wani direban motar goro ya tsaya a Sabon Birni ya aiko mana da labarin cewa zazzaɓi ya kwantar da Yaya kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa, har an yi mako uku da binne shi.

Bayan sadakar arba'in Bappa Tukur, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babban gida a lokacin, ya kira ni zaure. Ya ce tunda ni ne mai boko, kuma ni ne shaƙiƙin mamaci, in shirya in je in ɗauko yarinyar, shekarunta tara, in aka ƙara barin ta shi ke nan ta ɓace mana.

"Ɗiyag Gobir ba ta tashi ba ta san gidansu ba," in ji shi. "Kak ka dawo min nan in ba da ita ba."

Maganar ta yi mini daɗi, domin ni ma ra'ayina ke nan. Ina hedimasta a wata firamare wajen Kamarawa, ina koyar da labarin ƙasa, na san sunan kowane kogi da kowane dutse a taswira, saboda haka gani nake na gama sanin duniya, alhali ƙafata ba ta taɓa wuce Gusau ba. Zuciya kuwa a kusa take, kun san ni. Na riga na shirya abin da zan faɗa wa Yarabawan nan, har da ayar da zan jawo musu in sun yi gardama.

Ina ɗaure kaya sai Inna ta leƙo ta ce ita ma za ta. Na yi dariya. Matar da iyakar tafiyarta kasuwar Shinkafi, ita ce za ta kwana biyu a jirgi? Ta ce ba ita kaɗai ba, har da mahaifiyarku Hadiza, da Nasiru da Rabi. Na kawo tsufanta, na kawo nisa, na kawo makarantar yara, duk ta saurara tana ɓare goro, sannan ta ce:

"In ka tahi kai ɗai, hwaɗa za ka kai musu. In ka tahi da tsohuwa da ɗiya, ziyara ta. Mutanen da sunka riƙa min yaro shekara goma sha biyar, sunka yi mai wanka sunka rufe shi, ba a aika musu da mai zahin kai shi ɗai."

Haka muka hau mota daga Isa zuwa Ƙauran Namoda, muka shiga jirgin ƙasa, muka sake wani a Zariya. Ni ina zaune na haɗe rai, na rungume jakar takardu kamar wanda za shi kotu. Inna kuwa ta kama taga ba ta sake ta ba. Kowace tasha aka tsaya sai ta tambayi sunan garin, ta maimaita sau biyu, ta sa Hadiza ta sayo abin da mutanen wurin ke ci, ta ɗanɗana ta miƙa wa yara. Ta ga rumbunan Gwarawa ta yaba ginin, ta ga matan suna ɗaukar kaya a kafaɗa ta ce lalle suna da dalili, sai da ta sami wata Bagwariya a jirgin ta tambaye ta. Da muka hau gadar Jebba ta ga faɗin kogin Kwara, ta ce ashe gulbinmu na Rima ƙane ne. Na ce mata ai duk wannan yana cikin littafin aji biyar. Ta ce to ni na karanta, in bar ta ita ta gani. Kafin mu kai Ilorin rabin taragon sun san ta, wata 'yar kasuwa har ta koya mata gaisuwar Yarabanci guda uku, tana ta gwadawa ana dariya, ita ma tana dariya.

Mun isa gidan da hantsi. Babban gida ne na jar ƙasa da rufin kwano mai tsatsa, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida. Na gyara hula, na shirya fuskar da zan shiga da ita. Sai ga wata gajeriyar tsohuwa ta fito da ɗaurin kallabi kamar faifai, ta tsaya ta ƙare wa tsagen fuskar Inna kallo, ta buɗe baki da wata karkatacciyar Hausa ta ce bayinta Gobirawa sun iso. Wannan ita ce Iya, uwar Sidikatu. Ashe Yaya ya koya musu wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa. Inna ta ce ƙarya take, uwargijiya ce ta zo duba bayinta, suka rungume juna suna dariya, dariyar ta koma kuka. Ni na rasa inda zan sa fuskar da na shirya. Sidikatu ta fito cikin kayan takaba ta zube gwiwa biyu a gaban Inna, ta zube a gabana, har Nasiru sai da ta rusuna masa, wai a wurinsu duk ɗan gidan miji abin girmamawa ne. Hausarta kuwa ta Gobir ce tsantsa, irin ta bakin Yaya, har da yadda yake jan "awo" in zai ce e. Balkisu na bayanta, siririya, da goshin ubanta. Ta durƙusa ta gaishe mu, amma Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, na ce a raina Bappa ya yi gaskiya.

Na ce a kai mu maƙabarta. Sai aka nuna mini gefen tsakar gida, gindin wani lemo, kaburbura biyu a jere, ɗaya tsoho ɗaya sabo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kabari a cikin gida, kusa da inda ake daka da shanya? Na fara faɗa, ina cewa wannan wane irin wulaƙanci ne, ko don baƙo ne aka rasa masu ɗaukarsa zuwa bayan gari. Sidikatu ta bari na gama, sannan ta ce, kanta a ƙasa, baƙo shi ake kaiwa bayan gari. Nan cikin gida sai ɗan gida. Tsohon kabarin na mahaifinta ne, kuma yayyenta ne suka zauna suka ce Ummaru ba zai kwanta ko'ina ba sai kusa da shi. Ban ce na yarda da al'adar ba, har gobe ni a kai ni maƙabarta, amma na gane abin da na kira wulaƙanci shi ne girma mafi tsada da suke da shi, kuma sun ba ɗan'uwana. Inna ta shimfiɗa gyalenta ta zauna a gefen kabarin har azahar.

Duk da haka ban sauko ba. Da aka kawo amala na ga baƙin tuwo na ce na ƙoshi. Na nemi zangon Hausawa na garin na koma can da kwana, in yi asuba a masallacinsu, in sha kokonsu, sai rana ta ɗaga in leƙo gidan. Inna kuwa a ɗakin Iya ta sauka. Ta ci amala, barkono ya sa ta hawaye, ta nemi ƙari. Ba mai jin yaren wata, amma in ka gan su kan tabarma ɗaya suna hira da hannu da kai, sai ka rantse tare suka yi 'yanmatanci. Hadiza ta koyi yadda ake tatsar manja, ita kuma ta dama musu fura da geron da muka je da shi. Ku yara kuka bi 'yan gidan cikin gonaki kuka dawo da bakin da ba na ganewa. Rana ta uku Iya ta kai Inna gonar goro. Hadiza ta ba ni labari, wai Inna ta dafa itacen ta yi masa sallama, ta ce shekara sittin tana cin 'ya'yansa, da shi aka ɗaura aurenta, da shi aka raɗa wa 'ya'yanta suna, yau Allah ya nuna mata mai gidan. Ta tsaya ta ga yadda mata ke fasa kwanson, su jiƙa, su ɓare, su jera a ganye, ta ce daga yau ba za ta ƙara jin haushin tsadar goro ba.

A rana ta huɗu na tara yayyen Sidikatu na faɗi abin da ya kawo ni. Na zaci za a yi ja-in-ja, duk hujjojina na kan harshe. Babbansu, wani dattijo mai gyaran keke, ya ce su ma a wurinsu 'ya ta uba ce, ba su da ja, abin da suke roƙo kawai a bari sai an yi sallar Juma'a, Asabar mu tafi da ita. Shi ke nan, na yi nasara ba tare da na zare takobi ba, kuma na rasa dalilin da nasarar ba ta yi mini daɗi ba. Sidikatu da hannunta ta wanke kayan yarinyar ta jera a akwatin ƙarfe, ta sa mata har da allonta, ta ɗaure da igiya. Ba ta roƙe ni ba ko sau ɗaya. Balkisu dai ta daina cin abinci, ta koma gindin lemon nan ta wuni. Na gani, na kau da kai, na ce yaro ne, in ta ga 'yan'uwa za ta manta.

Ranar Asabar na zo da wuri saboda jirgi, karo na farko da na shiga gidan da sassafe. Inna na zaune a ƙofar ɗakin Iya ta yafuto ni ta ce in zauna in yi shiru. Sai na ga yaran gidan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, maza su kwanta rub da ciki, mata su durƙusa a gaban Iya, ita kuma ta dafa kan kowanne ta yi masa wata doguwar magana mai kama da waƙa. Sidikatu ta raɗa mini cewa kirarin gidan uban yaro ne, oriki suke ce masa, kowace safiya sai an yi wa yaro nasa don ya san daga inda ya fito. Ta ce da aka haifi Balkisu, Iya ta ce ba za a yi jikarta ba kirari kamar tsintacciya ba. Ta tsare Yaya, ta hana shi sakat, sai da ya je gida ya tambayo tsofaffi, ya zo yana faɗa tana haddacewa kalma kalma, alhali ba ta san ma'anar ko ɗaya ba. A nan na tuna shekarar da Yaya ya zo ya wuni uku a ɗakin kakarmu kafin ta rasu, muna yi masa tsiya wai ya zama ɗan tsohuwa.

Balkisu ta zo ta durƙusa. Iya ta dafa kanta, ta ɗaga murya da karin Yarabanci, amma kalmomin namu ne:

"Balkisu ɗiyar Ummaru. Ummaru na Salihu mai rijiya, wanda bai hana baƙo guga ba. Salihu na Jatau, bahago mai rumbu bakwai. Jatau na Maidamma, Maidamma na Tunau da ya ƙetare gulbi da damana. Tunau na Gado, mai sarar dajin hwarko. Ɗiyag Gobir, ba a ba ku tsoro, kun sha ruwan Rima."

Tana faɗa yarinyar na bin ta a hankali, ba ta tsallake ko suna ɗaya ba. Ni hedimasta, mai taswira, iyakar sanina Jatau. Maidamma da Tunau da Gado a bakin tsohuwar Bayarabiya na fara jin su. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ban ƙara jin irinta ba. Inna ta kira Nasiru ta tambaye shi sunan kakan ubansa, ya sosa ƙeya ya dube ni. Ta dube ni ita ma, na sunkuyar da kai. Ashe tun safiyar farko take jin abin nan, ta yi gum, ta bar ni ina ta hura hanci har sai da akwati ya ɗauru.

Sannan ta matsa kusa da Iya ta ɗora hannunta kan na Iya a kan yarinyar, ta ce akwai abin da aka bari.

"Ummaru," in ji ta, "na goye ka shekarar hwari, ban aje ka ba. Ummaru mai tahiya, inda kas sabka gida na."

Shekarata talatin da biyar a duniya, ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Hadiza ta rufe fuska da gyale. Iya ba ta ji Hausar ba, amma ta sa aka maimaita mata har sau uku, ta riƙe. Ni kuwa kuka na yi, ba na ɓoye muku, a gaban surukai da yara.

Inna ba ta ce in bar yarinyar ba. Da ta faɗa da ta sauƙaƙa mini, in je in ce wa Bappa umarnin uwa ne. Abin da ta ce kawai shi ne:

"Kai anka aika, ba ni ba. Amma ka duba da kyau, tsakanin wagga ɗiya da naka, wane na bai san gidansu ba?"

Na tashi na je wurin akwatin na kwance igiyar da hannuna. Na ce wa Sidikatu ta mayar da kayan ɗaki. Muka yi magana da yayyenta cewa duk dogon hutu za a kawo ta Gobir ta yi wata guda, kuma ba su taɓa saɓawa ba. Jirgin ranar ya tafi ya bar mu, muka ƙara kwana biyu, na ci amala, kuma ba laifi.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Bappa Tukur ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaya ina yarinyar, na ce tana wurin uwarta, ya tashi ya shige gida. Shekara shida ya yi bayan nan a duniya, kullum na je gaishe shi sai ya juya fuska bango, bai amsa sallamata ba har ya koma ga Allah. Auren ƙannena biyu aka ɗaura ba a neme ni ba, sai a bakin mutane na ji. Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi, domin ina son Bappa, shi ya kai ni makaranta, kuma tsoron da yake ji ba na banza ba ne, mun ga 'ya'yan da suka ɓace a kudu. Abin da ya rasa kawai shi ne bai hau jirgin nan ba. Inna ce ta tsaya mini. Duk wanda ya kawo mata gulmar sai ta tambaye shi sunan kakan kakansa, in ya yi shiru ta miƙa masa goro ta ce ya gaida gida. Daga shekarar kuma ta kafa mana doka, in an gama aikin gona a ɗauki yara a je wani wuri, ko Maraɗi ne, ko Yawuri, ko Jos. Tafiye-tafiyen da kuke yi mini godiya a kansu, ita za ku yi wa addu'a. Tsohuwar da ba ta san bihim ba ta fi ni karanta mutane nesa ba kusa ba.

Bara da na fara rubuta wannan littafi na tarihin gidanmu, na so in buɗe shi da sunayen kakanninmu. Na laluba kaina na tarar tsufa ya kwashe rabin abin da na ji a safiyar nan, ni da ban taɓa zama na rubuta ba saboda sakaci. Na bi sauran tsofaffin Unguwar Lalle ɗaya bayan ɗaya, har da 'ya'yan Bappa, babu wanda ya wuce Jatau. Sai na sa Rabi ta kira mini Balkisu a waya. Yanzu ita ma kaka ce, ungozoma ce a asibitin garinsu. Na faɗa mata buƙatata, ta yi dariya ta ce mini, Bappana, ai yanzun nan na gama yi wa jikokina kirarin. Ta ɗauko shi tun daga kan Ummaru har Gado, da karin nan na Iya, ina rubutawa. Da ta kai ƙarshe na ce na gode, ta ce in dakata, saura na Inna, ta faɗi goyon shekarar fari kamar yadda aka faɗe shi a ƙofar ɗakin.

Ku koma shafin farko ku duba sunayen nan shida. Duk wanda ya sake ce muku na bar 'yar Gobir ta ɓace, ku nuna masa shafin, ku gaya masa daga bakin wa aka rubuto shi.